Zangon karatu na musayar ɗalibai a fannin kasuwanci: Turai ko Amurka?

A Turai, zango ɗaya maki 30 ne a tsarin ECTS, wato ma'aunin yawan karatu na jami'o'in Turai, kuma ɗalibin da ya je ta shirin Erasmus na musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, ba ya biyan kuɗin karatu ga jami'ar da ta karɓe shi. Sai dai sau da yawa jarrabawar ƙarshe ce ke yanke hukunci.

A Amurka kuwa, yawanci bizar J-1 ake nema, inshorar lafiya kuma dole. Amma ajin kasuwancinsu akwai rai: malami ya baje matsalar wani kamfani, ya kira sunanka ba zato ba tsammani, abin da ka faɗa kuma yana cikin makinka. Mai kunya zai sha wuya. Ni dai can zan zaɓa, in aljihu zai ɗauka.