Sikof ko jan ɗigo a kan Henry .22?

Malam, barka da war haka. Ka ce ka sayi Henry H001, 'yar bindigar nan mai hannun ɗanawa a ƙasa wadda ke cin harsashin .22 LR. Kana so ka riƙa shiga dazukan jihar Ohio ta Amurka farautar kuregen bishiya da kaka, wata rana kuma ka kai yara filin harbi su ɓarar da gwangwanaye. Idonka ya fara gajiya da ƙarfen saitin da ta zo da shi, shi ne kake tambaya ko sikof, wato madubin saiti mai jawo abu kusa, za ka ɗora ko jan ɗigo. Na ɗora duka biyun a kan irin wannan bindigar, ga abin da na gani.

Jan ɗigo, wanda kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fara fitarwa a 1975, ba ya jawo komai kusa. Tagar gilashi ce da ɗigon haske a tsakiya, idanunka biyu a buɗe, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je. Daɗinsa sauri da rashin nauyi. Ƙananan cikinsu nauyinsu bai fi giram 100 da 'yan kai ba, bindigar kuma dududu wajen kilo biyu da rabi ce, don haka ba ta canza a hannu. Ga yara kuwa ba abin da ya kai shi sauƙi, ba sai ka koya musu jera ƙarfen gaba da na baya ba. Batirin CR2032 ɗaya kan daɗe ƙwarai a masu kyau, amma dai batir ne, sai ka ajiye wani a aljihu.

Inda yake gaza maka shi ne daji. Ɗigo mai MOA 2 (MOA shi ne ma'aunin girman ɗigon) yana rufe kusan inci ɗaya a yadi 50, mai MOA 4 kuma inci biyu. Kan kurege bai fi haka da wani abin kirki ba. Ga shi a saman itacen gyaɗar daji, ganye bai gama zuba ba, rana ba ta fito sosai ba, ya lafe a jikin reshe kunnensa kawai ka hango. Ido tsirara ba zai raba maka kansa da kullin itace ba, ɗigon ma sai ya ƙara rufe ɗan abin da kake gani. Ni abin da ke damuna a nan shi ne dabbar da za a raunata ta gudu ta mutu a rami. Sannan ka ce idonka ya raunana. In kana da matsalar idon nan mai karkata gani, astigimatizim, ɗigon ba zai fito maka a zagaye ba, zai zama kamar tauraro mai wutsiya ko waƙafi. Kafin ka biya kuɗi ka leƙa ɗaya a shago tukuna, da tabaranka a fuska.

Sikof kuwa aikinsa ke nan. Mai ninki huɗu yana mayar maka da yadi 40 kamar yadi 10, yana kuma bayyana maka abin da ke cikin inuwa da asuba ko dab da magariba, lokacin da kuregen ke yawo. Akwai zobe a bayansa da za ka murɗa har layukan saitin su fito tas daidai da idonka. Sai dai kada ka ɗauki kowanne. Nemi wanda aka rubuta an yi shi don ƙananan harsasan nan masu fashewa ta gefen gindi, irin .22 LR. Dalili shi ne abin da ake kira faralas: na manyan bindigogi galibi an daidaita su a yadi 100 ko fiye, in ka yi harbi da su a yadi 25 kuma kanka ya ɗan goce, sai layukan su motsa daga kan abin harbin ba ka sani ba. Na .22 an daidaita su a yadi 50 ko 60. Kamfanin Leupold na da 2-7x33 irin wannan, wato mai ninki biyu zuwa bakwai da bakin milimita 33, nauyinsa wajen giram 300.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗora ƙaton sikof mai bakin milimita 50 a kan wannan 'yar bindiga. Sai an sa dogayen zobban ɗaure shi kafin ya zauna, ƙotar Henry kuwa an sassaƙa ta ne don ƙarfen saiti na ƙasa, sai ka ga kumatunka ya bar katako kana saiti da haɓa. Daga nan harbi ya watse, bindigar ma ta koma mai nauyin kai. Haka jan ɗigo: saman H001 tsagi ne na inci 3/8, yawancin jan ɗigo kuma da wani gindi mai faɗi da ake kira Picatinny suke zuwa, sai ka sayi mahaɗi, ka kuma zaɓi gajeren gindi, ba dogon nan na bindigogin AR masu fasalin na soja ba.

Wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba: H001 ba ta da maɓallin tsaro daban, tsaronta a jikin gudumar baya yake, wato ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi, a matakin farko na ɗanawa. In sikof ya zauna ƙasa yadda ya kamata, babban yatsanka zai rasa wurin shiga. Ka haɗa da ɗan ƙarfen nan da ake ɗaura wa gudumar ya leƙo gefe, ba shi da tsada, kuma tun da yara za su riƙe ta kada ka bar shi sai gobe.

Da gwangwani da farantin ƙarfe ne kawai a yadi 25, da jan ɗigo zan ce maka ba gardama. Tun da akwai kurege kuma ido ya fara ja da baya, ƙaramin sikof 2-7 nake ba ka shawara, a kan gajerun zobba. Ka bar shi a ninki biyu in yara za su harba, ka murɗa zuwa huɗu ko biyar a daji. Ka saita shi a yadi 50 da irin harsashin da za ka yi farautar da shi, don mai gudun ƙafa 1,250 a daƙiƙa da mai 1,070 ba wuri ɗaya suke sauka ba, kuma a yadi 100 kowannensu zai sauka inci biyar ko fiye a ƙarƙashin inda ka saita.