Ruwan khal ya ceto min kayan aikin Baba

Shekara shida akwatin kayan aikin Baba, Allah ya jiƙansa, yana ajiye a ɗakin shirgi, kuma rufin ɗakin yana yoyo duk damina. Ranar da na buɗe shi sai da ƙwalla ta zo min. Filaya ta ƙi buɗe baki, sufanu uku sun yi jawur da tsatsa, gizagonsa kuwa kamar an tono shi daga ƙasa.

Farin ruwan khal na saya a kanti, irin na girki, mai kashi 5 cikin ɗari na tsami a jikin kwalbar. Kwalba biyu, kuɗinsu bai kai na sabuwar filaya ɗaya ba. Na cire ƙotar gizago tukuna, don itace ba ya son jiƙa, na wanke maiƙon jikin ƙarafan da sabulu, sannan na nutsa su a roba bayan sallar isha'i.

Da asuba ruwan ya koma kalar shayi. Tsamin ne ke narkar da tsatsar, sai ta saki ƙarfe. Buroshin ƙarfe kawai na sa, tana zuba kamar laka. A jikin wata sufana har lambar 17 ta fito, da ɗan tabon da Baba ke yi wa kayansa don kada a musanya masa. Na daɗe ina riƙe da ita.

Amma khal ba ya bambance tsatsa da ƙarfe. Wani almakashi da na manta a ciki kwana uku ya fito baƙi, jikinsa duk ƙananan ramuka, kaifinsa ya tafi. Kwana ɗaya ya isa, a riƙa dubawa. Kuma da ka ɗauraye ka bar ƙarfen a iska, kafin ka juya wata sabuwar tsatsa ta hau. Ni ruwan kanwa na tsoma su don ya kashe tsamin, na shanya a rana, na shafe su da man inji nan take.

Filayar sai da na ɗiga mata kananzir a gaɓa, khal bai shiga can ciki sosai ba. Warinsa ma yana da ƙarfi, a tsakar gida ya kamata a yi aikin. Gizagon na mayar masa da ƙotarsa, jiya da shi na sassaƙe turken akuya.