Garin furotin: wanne ya dace da mai son rage teɓa?

Ƙanena, ka ce kana zuwa ɗakin motsa jiki a nan Jidda bayan Isha'i, nauyinka kilo 85, so kake tumbi ya sauka amma tsoka ta tsaya, kuma robobin garin furotin da aka jera a kantin magani sun rikita ka.

Uku daga cikinsu, wato konsantiret, aisolet da kezin, duk daga madara suke. Konsantiret ruwan da ke ragewa ne bayan an yi cuku, a tace shi, a busar da shi. Furotin ɗinsa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, sauran sukarin madara ne da ɗan kitse. Aisolet an ƙara tace shi har ya kai kashi 90, kuɗinsa ma ya fi. Amma bambancin kalorinsu a cokalin awo ɗaya, wanda ke zuwa cikin robar, bai kai na dabino biyu ba, shi ya sa nake jin takaici in na ga yaranmu suna zuba riyal ɗin da suka sha rana kafin su samu, wai aisolet ke ƙona kitse. Babu garin da ke ƙona kitse. Gwajin ɗaya ne: sha kofin madara. In cikinka ya kumbura yana ƙugi, ɗauki aisolet. In lafiya lau, konsantiret ya ishe ka.

Kezin kuwa a hankali yake narkewa, in ka dama shi sai ya yi kauri kamar kunu. Ni da sahur nake shan sa, yana riƙe ciki. Na tsirrai, waken soya ko wake da aka haɗa da shinkafa, na wanda madara ba ta karɓe shi ba ne kwata-kwata, sai dai yana da gari-gari a baki.

Wanda ake kira gena, don Allah kar ka taɓa shi. Na masu neman ƙiba ne, wani sha ɗaya ya haura kalori 1,000.

Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyin jikinsa, kai ke nan giram 136 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, cokalin gari kusan 24, sauran daga kaza, kifi da zabadi, wato yogot, za su fito. Ka rage tulin shinkafar kabsa, ka duba tambarin halal kafin ka biya, kuma in kana da ciwon ƙoda fara ganin likita tukuna.