Wagan ta 1994 a garejin maƙwabcina

'Yan uwa, ga abin da ya tsaya mini a rai a nan Jamus. Maƙwabcina, wani dattijo, ya buɗe garejinsa sai ga wagan shuɗiya, irin mai dogon bayan nan da mu muka ɗauka ta haya ce ko ta lodi. Na kai hannu zan shafa ta, ya daka mini tsawa a gaban jikokinsa. Wallahi na ji ciwon abin.

Da ya huce sai ya ɗauko wani ƙaton fayil. Rasit ɗin kowane juyen baƙin mai, kowane canjin birki, da hatimin gareji da kwanan wata, tun 1994. Audi RS2 Avant ce, wadda aka haɗa a masana'antar Porsche da ke Stuttgart tsakanin 1994 da 1995. Birkinta da madubanta na Porsche ne, har sunan yana jikin birkin. Injin mai silinda biyar, ƙarfin doki 315, tana haura kilomita 260 a awa, ga wurin iyali da kaya a baya. Ba a ƙera 3,000 ba duk duniya. BMW M5 Touring ta wancan zamanin ma 891 kacal aka yi. Shi ya sa masu tara motoci ke rububinsu, kuma fayil ɗin nan suke fara tambaya. A nan mota in ta cika shekara 30 tana yadda aka ƙera ta, ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe, ta zama kayan tarihi.

Sai na tuna Fijo 504 wagan ɗinmu. Mun yi mata lodi har ta durƙusa, muka ɗaure ƙofa da waya, muka yanka ta muka sayar a kilo. Wa ya ajiye rasit ko ɗaya?

Amma kada ku ɗauka nan daɗi ne zalla. Motarka ta tsaya, sai gareji ya ba ka rana, ka yi makonni kana jira, kuɗin aikin kuma da awa ake lissafawa. Ba ciniki, ba "bari in duba maka". Ina kewar bakanikenmu da ke kasa kunne ya gane ciwon inji tun daga ƙararsa. Hannu yana da shi, mu masu motocin ne ba ma kai masa sai ta mutu a hanya.