Jirgin Jidda zuwa Abha: sun iya aiki amma na sha girgiza

Jama'a satin da ya wuce na bi jirgin yamma daga Jidda zuwa Abha, wani gari a kan duwatsun Asir a kudancin Saudiyya, ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Tikiti da arha, mun tashi kan lokaci, kujera dai matsattsiya ce, gwiwata na gogar ta gaba.

Muna dosar duwatsun Asir sai kyaftin ya ce kowa ya ɗaura bel, ma'aikata suka janye keken shayi da sauri, kafin na gama shan nawa jirgi ya yi ƙasa kamar an sake shi, shayin ya tashi ya wanke min jallabiya, hanjina sai da ya kaɗa wallahi. Wata Hajiya da ke gefena ta damƙe hannun kujera tana ta salati, ta ce ɗana mun mutu ko? Na ce Hajiya in sha Allahu lafiya za mu sauka, alhali ni ma bakina ya bushe.

Inda suka burge ni, kyaftin ya yi bayani da Larabci da Turanci cewa hadari ne da iskar da ke bugun duwatsu. Ni dai tun labarin jirgin Singapore Airlines na Mayun 2024, wanda ya shiga mummunar girgiza har fasinja ɗaya ya rasu aka karkatar da jirgin zuwa Bangkok, ba na kwance bel. Kuskurena kujerar can baya na zaɓa, nan girgiza ta fi tsanani, ta kusa da fiffike ta fi sauƙi.

Zan sake binsu, amma na safe. Ko tishu ba su ba ni na goge rigar ba.