Batun Kawo Baba Ingila Jinya

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Saƙon muryarka sau uku na saurare shi a cikin bas ina dawowa daga aikin dare, na ga amsarsa ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta wa Inna da su Kawu, don na san shawarar ba taka ba ce kai kaɗai.

Kun ce tunda an sallamo Baba daga asibitin Shika a Zariya, ni kuma kula da tsofaffi ne aikina a nan Manchesta, me zai hana a sayar da filin Dakace a kawo shi irin gidan da nake aiki har ɓarin jikinsa da ya shanye ya saki. Yaya, kada a taɓa filin nan.

Hanyar ma a toshe take. Tun 2012 Ingila ta tsaurara dokar ɗauko iyaye. Sai mai ɗaukowa yana da takardar zama ta dindindin, ni kuwa bizar aiki gare ni, sannan sai an tabbatar musu cewa duk faɗin Najeriya babu inda za a iya kula da tsohon ko da kuɗi. Idan kuma da bizar ziyara ya shigo, asibiti zai caje shi kuɗin magani har da ƙarin rabi a kai. Kyautar da kuke jin labari gaskiya ce, tun 1948 da aka kafa NHS, hukumar lafiyar ƙasar, mazaunin ƙasa ba ya biyan kuɗin ganin likita ko na tiyata. Amma gidan tsofaffi lissafinsa daban. Ƙaramar hukuma ce ke zuwa ta ƙirga abin da mutum ya mallaka, in ya haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Har gidan da ya kwashe shekara talatin yana biya ana sa shi cikin lissafi, sai fa a wasu yanayi, kamar idan matarsa ko mijinta na ciki. Na ga 'ya'ya suna kuka a ofishin manajarmu ranar da suka gane gidan gadonsu ne zai tafi. An daɗe ana alkawarin sa iyaka, a ce kada kowa ya kashe fiye da fam 86,000, sabuwar gwamnati ta zo a 2024 ta soke maganar.

A gidan da nake, ɗaki ɗaya sati ɗaya fam 1,300 ne. Ka lissafa fam a naira 2,000, miliyan biyu da dubu ɗari shida ke nan duk sati. Filin Dakace sati nawa zai yi? Mu kuma da muke ɗagawa da sharewa, awa 12 a tsaye, kuɗin awarmu bai kai fam 13 ba. Kuɗin yana tafiya ne a dumama ɗaki, inshora, albashin nas-nas da ribar masu gidan, don galibin gidajen na 'yan kasuwa ne.

Kuma ba iri ɗaya ba ne, abin da ni ma ban sani ba sai da na zo a 2022. Akwai wanda taimako kawai ake yi, wanka, abinci, ba da magani. Akwai wanda dole a sami nas dare da rana, na masu robar fitsari da masu ci ta tiyo da waɗanda gigin tsufa ya yi wa nisa. Sai kuma wani tsari da ya fi burge ni: wanda aka sallama daga asibiti bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki, ana ba shi har sati shida kyauta, ko a gidansa ko a wani gado na wucin gadi, masu gashin ƙashi suna binsa kullum don ya koma yi wa kansa abubuwa. Wannan sati shidan shi ne abin da Baba ke buƙata yanzu, kuma shi ana iya yin kwatankwacinsa a Ƙofar Doka.

Bari in ba ka labarin yadda ake zaɓen gidan, don na yi shi da ƙafata. Akwai wani dattijo mutumin garinmu, ya zo karatu tun zamanin Gowon bai koma ba. Lalurarsa irin ta Baba ce, sai dai tasa ta fi tsanani. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya ce a kusa, tana aiki ga yara uku, gidanta kuma mai bene ne, banɗaki a sama. Asibiti suna son gadonsu, suka ce ta nemo wuri. Ta same ni a masallaci ranar Juma'a ta ce in raka ta, tunda na san cikin abin.

Akwai hukumar da ake kira CQC, tun 2009 take zagayawa tana duba gidajen. Maki huɗu take bayarwa: na zarra, mai kyau, mai buƙatar gyara, da wanda ya gaza. Dole gida ya manna makinsa inda kowa zai gani, rahoton kuma yana intanet. Mun fara da shi, amma na ce mata ta duba shekarar da aka rubuta, don wani rahoton ya kwana biyu, manajan da aka yaba ma ya daɗe da barin wurin.

Gidan farko kamar otal. Furanni a ƙofa, ɗakin gyaran gashi, har da ɗan gidan kallo. Ita har ta fara murmushi. Ni kuwa kunnena na kan ƙararrawar wani ɗaki da take ta kuka tun shigarmu, na duba agogo, sai da ta yi minti 14 kafin wata ta leƙa. Na tambayi yarinyar da ke raba shayi tun yaushe take nan, ta ce yau ne zuwanta na biyu, kamfanin haya ne ya turo ta. Na ja 'yar dattijon gefe na ce mu tafi. Wanda bai san sunan tsoho ba, ina zai san yau bai ci abinci kamar jiya ba?

Abin da nake dubawa ba ya cikin takardar talla. Ina shiga da hancina, don zarnin da ya kama kujera ba na yau ba ne. Ina kallon farcen tsofaffin da bakinsu, da ko kofin ruwa yana inda hannu zai kai. Ina tambayar mutum nawa ke kwana da su da dare, kuma mai gashin ƙashi sau nawa yake zuwa, a cikin kuɗin yake ko daban. Kuma ba na zuwa lokacin da suka ba ni. Lokacin cin abinci nake faɗo musu, a nan ake ganin wanda ake ba a baki da haƙuri da wanda ake ɗura wa.

Sai namu na Musulmi, wanda in ba ka tambaya ba babu mai kawo maka. Naman halal ne, ko kullum kifi da dankali za a riƙa tura masa? Namiji zai yi masa wanka? Sun san tsarki da ruwa, za su bari a ajiye buta? Za a juya gadon ya kalli alƙibla? In ta Allah ta kasance cikin dare, sun san ba ma jinkirta jana'iza? Gida na uku tsohon gini ne, kafet ɗinsa duk ya koɗe, amma manajar ta amsa waɗannan ba tare da ta duba takarda ba, akwai maza biyu Musulmi cikin ma'aikata, kuma tafiyar minti goma ce daga gidan 'yar. Shi muka ɗauka. Duk da haka ranar da na kai masa faten tsaki da yakuwa, an niƙa shi laushi yadda nas ta yarda, cokali biyu ya yi ya fashe da kuka. Ya ce in je in gaishe masa da unguwar Babban Dodo.

Gaskiya ɗaya, akwai abin da suka fi mu nesa ba kusa ba, kuma ba na'ura ba ce. Komai da lokacinsa, komai a rubuce. Wanda ba ya iya juyawa, duk awa biyu zuwa huɗu sai mun juya shi, mu sa hannu a takarda. Kullum ana duba ƙugu, duwawu da dunduniya, in an ga ja da ba ya washewa idan an danna, ranar nas za ta sani. Ka tuna Gwaggo? Karayar ƙugu ta kwantar da ita, amma gyambon kwanciya ne ya cinye ta, muna zagaye da ita muna ta sannu. Ba a rasa ƙauna ba a ɗakin nan, sani aka rasa. Da na koyi wannan aikin sai da na yi kwana biyu ina tunaninta.

Haka batun haɗiya. Mai shanyewar ɓarin jiki yakan ƙware, abinci ya bi hanyar iska ya zama ciwon huhu. A nan akwai masu gwada haɗiyar mutum kafin a ba shi ko ruwa, wani ma sai an sa wa ruwansa garin da ke kaurara shi. A bidiyon da Auta ya turo na ga ana ba Baba koko yana kishingiɗe, yana tari ana cewa ya daure. Don Allah a daina. A zaunar da shi sosai, cokali kaɗan-kaɗan, a bar shi zaune rabin awa bayan ya gama, kuma a faɗa wa likita yana tari in ya sha ruwa.

Abin da ba su da shi kuwa, mutane. Akwai wata tsohuwa a ɓangarena, tun Kirsimeti ba wanda ya zo wurinta, in na shiga sai ta riƙe hannuna tana kirana da sunan ƙanwarta. Da farko na ɗauka 'ya'yansu ba su da imani. Yanzu na sassauta, don na ga mai ɗa ɗaya tal yana Ostareliya, na ga 'yar shekara 70 tana jinyar uwa 'yar 95. Baba kuwa daga la'asar zuwa isha zaurensa ba ya rabuwa da 'yan dubiya, almajiransa na biya masa karatu, liman na leƙowa. Ko an ba mu biza kyauta, raba shi da wannan wani ciwon ne.

Sai dai Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Muna alfahari ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, to amma wa ke jinyar? 'Yan dubiya suna tashi da isha. Inna ce ke kwana a zaune, ita ma da ciwon gwiwarta da hawan jini. Anti ce ke wankin zannuwa sau biyu a rana ga girki, ga surukuta ba ta barin ta shiga wasu abubuwan. Auta ke ɗagawa, har ya bar zuwa lakca a kwalejin Nuhu Bamalli. Aikin da a nan mutum shida ke karɓa-karɓa a kai, su uku muka bar wa, babu hutu babu ko sisi.

Don haka ga inda nake so kuɗin da zan riƙa turowa ya tafi. A sami namiji mai hankali, ko cikin ɗaliban kiwon lafiya, a yanka masa albashi ya riƙa kwana da Baba, Inna ta koma ɗakinta ta yi barci. A yi magana da sashen gashin ƙashi na Shika, ko a riƙa kai shi ko a sami mai zuwa gida sau uku a sati, kuma yanzu, don watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi karɓar motsa shi. Tofi da rubutu a ci gaba, amma kada a bar kowa ya ja hannun da ya shanye ko ya gasa shi da ruwan zafi, ba ya jin zafin, ƙonewa zai yi. Katifar iska ta hana gyambon kwanciya tana son wuta ba yankewa, in ba za a haɗa ta da sola ba gara filo huɗu da agogo. Mai walda a Sabon Gari zai iya yin ƙarfen dafawa a bango da kujerar bayan gida, a kuma fasa dokin ƙofar ɗakin don keken ya wuce. A sayi littafi mai layi a rataye a jikin gado: ƙarfe nawa aka juya shi, me ya ci, awon jininsa nawa, ya sha magani ko bai sha ba.

Ranar Lahadi ba ni da aiki. Bayan azahar ɗinku zan kira ta bidiyo, a tara Auta da wanda aka samu, in nuna musu yadda ake ɗaga shi daga gado zuwa kujera ba tare da an kama shi ta hammata ba. Kafin nan ka ɗauko min hoton dunduniyarsa biyu da bayansa da rana, inda haske yake. Ka gaishe da Inna da Anti da yara, ka ce wa Baba ina nan ina addu'a.