SPSS a babi na huɗu: inda take da amfani da inda take yin shiru

Ɗaliban nazarin zamantakewa, kimiyyar siyasa, ilimi da aikin jarida sun san inda kundin bincike yake cijewa: babi na huɗu. An raba takardun tambayoyi, an karɓo, sun cika jaka, saura a mayar da su jadawali. Manhajar da aka fi nema a wannan gaɓa ita ce SPSS, ta lissafin ƙididdiga. Tsohuwa ce, tun 1968 Norman Nie da Hadlai Hull da Dale Bent suka fito da ita, kamfanin IBM kuma ya saye ta a 2009. Hukuncina a kanta, a aikin takardun tambayoyi, shi ne tana da sauƙin koyo kuma lissafinta ba ya kuskure, amma ba ta taɓa ce maka a'a. Duk abin da ka miƙa mata za ta lissafa ta fito da shi cikin jadawali mai kyan gani, ko da abin ba shi da ma'ana. Yawancin matsalolin da ake ɗora mata daga nan suke tasowa.

Fuskarta biyu ce. A Data View kowane layin kwance mutum ɗaya ne da ya amsa, kowane layin tsaye kuma tambaya ɗaya. A Variable View ake gaya mata mece ce kowace tambaya: sunanta, ko lamba ce ko rubutu, me 1 ke nufi me 2 ke nufi, da wace lamba ce ke tsaye a madadin "bai amsa ba". Wannan fuska ta biyu ita ce mafi kyawun abin da SPSS ta fi Excel da shi, ita ce kuma wadda masu gaggawa ke tsallakewa. Suna ba ya ɗaukar tazara kuma da harafi yake farawa, don haka gara a yi amfani da gajeru irin su q1, q2, b3, a bar cikakkiyar tambayar a gurbin Label. Kafin a shigar da komai, a rubuta lamba a saman kowace takarda, a sa wannan lambar a layin tsaye na farko. Ranar da aka ga mai shekara 230 a cikin bayanai, da ita za a koma a zaro takardarsa.

Gurbin Missing shi ne wurin da aka fi yin asara. Al'ada ce a sa 99 ko 999 ga wanda bai amsa ba, amma SPSS ba ta san haka ba sai an gaya mata, kuma tana karɓar lambobi har uku na irin wannan a kowace tambaya. Ɗauki mutum 200: 190 sun faɗi shekarunsu, matsakaicinsu 34, goma sun ƙi faɗi aka sa musu 999. In ba a bayyana 999 a Missing ba, matsakaicin da zai fito 82.25 ne. Wannan kowa zai gane. Wanda ba a ganewa shi ne ƙarami, kamar 9 a ma'aunin 1 zuwa 5, da zai ɗaga matsakaici kaɗan kawai, ya wuce har gaban malaman da za a kare kundi. Maganinsa ba wuya: kafin kowane gwaji a bi Analyze, Descriptive Statistics, Frequencies, a zuba duk tambayoyin, a zauna a karanta jadawalan ɗaya bayan ɗaya. A nan ake kama 33 da aka buga a maimakon 3, da jinsi mai lamba 3 alhali 1 da 2 aka tsara.

Shigo da bayanai daga waje yana aiki, amma da 'yan tarkuna. Idan daga Excel ne, SPSS tana duba layin tsaye ta yanke ko lamba ne ko rubutu bisa abin da kashi 95 cikin ɗari na gurabensa suka ƙunsa, sauran da suka saɓa sai ta mayar da su wofi ba tare da wani gargaɗi mai ƙarfi ba. Wanda aka rubuta masa "shekara 35" a maimakon 35 ya ɓace ke nan. "Kano" da "kano" da "KANO" kuma garuruwa uku ne a wurinta. Mai tattara bayanai da KoboToolbox ya lura cewa fayil ɗinsa na CSV da waƙafi mai ɗigo yake raba gurabe, kuma tambayar da aka yarda a zaɓi amsa fiye da ɗaya tana fitowa a tarwatse, kowane zaɓi da layinsa na 0 da 1. Ba a haɗa su da hannu, akwai Multiple Response a ƙarƙashin Analyze domin haka. Amsoshin da aka rubuta da Hausa suna da tasu matsalar: in ba a zaɓi UTF-8 wajen buɗe CSV ba, ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su zama alamomin da ba sa karantuwa. Ɗalibai a Nijar masu kwamfuta da aka saita da Faransanci su duba alamar da ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, domin can 2,5 ake rubutawa, fayil da aka kawo da 2.5 yana iya shiga a matsayin rubutu.

Ma'aunin Likert shi ne abincin yau da kullum a kundayenmu, galibi mai matakai huɗu daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam". Abubuwa biyu ne ke lalata shi. Na farko tambayoyin da aka juya. Idan tara suna yabon makaranta ɗaya tana kushe ta, dole a juya lambobin wannan ɗayar kafin a haɗa. A Compute Variable ana cire amsar daga 5 in matakan huɗu ne, daga 6 in biyar ne. Mai son Recode ya zaɓi Into Different Variables, kada ya taɓa Into Same Variables, saboda wannan yana goge asalin amsar, kuma in aka maimaita umarnin sau biyu bisa kuskure komai ya koma yadda yake ba wanda ya sani. Alamar an manta juyawa tana fitowa a Reliability Analysis: alfa ta Cronbach, wadda ke auna yadda tambayoyin suke tafiya tare, ta faɗi ƙasa da 0.70 da ake nema, wani lokaci har ta zama ƙasa da sifili. A kunna Scale if item deleted, tambayar da dangantakarta da sauran ta fito da alamar ragi ita ce mai laifin.

Na biyu shi ne yadda ake haɗa maki. Idan ka rubuta q1+q2+q3+q4 ka raba da huɗu, duk wanda ya tsallake tambaya ɗaya ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Idan ka rubuta MEAN(q1,q2,q3,q4), za ta ba da maki ko da tambaya ɗaya tal mutum ya amsa. Duka biyun ba ta faɗa maka. Hanyar tsakiya ita ce MEAN.3, wato sai wanda ya amsa aƙalla uku.

Sai maganar 2.50, wadda ta zama kamar doka: abin da matsakaicinsa ya kai 2.50 an karɓa, wanda ya gaza an ƙi. SPSS za ta fitar maka da shi cikin daƙiƙa, amma a ganina wannan al'ada tana ɓoye fiye da abin da take nunawa. Mutum 100, rabi sun ce 4 rabi sun ce 1, matsakaici 2.50. Wasu 100, rabi sun ce 3 rabi sun ce 2, shi ma 2.50. Na farko al'umma ce da ta rabu gida biyu a kan batun, na biyu mutane ne da ba su damu sosai ba. In malami ya dage a kan 2.50, a ba shi, amma a ajiye kason kowace amsa kusa da shi.

A gwaje-gwajen hasashe manhajar tana da kirki, in za a karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin jadawali. A Crosstabs, bayan Chi-Square, gwajin da ke duba ko tambayoyi biyu suna da dangantaka, akwai layin da ke faɗin gurabe nawa ne adadin da ake tsammani a cikinsu bai kai 5 ba. In sun wuce kashi 20 cikin ɗari, sakamakon ba abin dogaro ba ne, sai a haɗe rukunonin da suka yi ƙanƙanta, ko a ɗauki gwajin Fisher idan jadawalin biyu-da-biyu ne. A kunna Phi and Cramer's V, domin da samfuri mai yawa ƙaramin bambanci ma yakan fito ƙasa da 0.05, iyakar da ake cewa sakamako ba dace ba ne, wannan ma'aunin ne zai nuna ko dangantakar tana da ƙarfi. A gwajin t na rukuni biyu layuka biyu ne ke fitowa, gwajin Levene ne ke nuna wanda za a karanta: in ya gaza 0.05, layin ƙasa. Tsofaffin sigogi suna buga .000 a gurbin Sig., wato lambar da ake gwadawa da 0.05, ɗalibai su kwafa haka. Ba sifili ba ne, ƙasa da 0.001 ake rubutawa, kuma sababbin sigogi sun gyara wannan.

Linear Regression ce ta fi kowa yin shiru. Ka sa mata addini ko ƙabila ko jiha mai lambobi 1, 2, 3, za ta ɗauke su tamkar kuɗi ko shekaru, ta ba ka sakamakon da ke cewa ƙarin "jiha ɗaya" yana ƙara kaza. Dole a fasa irin wannan tambaya zuwa layukan 0 da 1, a bar rukuni ɗaya a waje a matsayin abin kwatanci. Tana kuma zubar da duk wanda ya rasa amsa ko da a tambaya ɗaya daga cikin waɗanda aka sa, don haka a duba adadin mutanen da suka rage, kada a rubuta 384 a babi na uku alhali 290 aka yi lissafi da su. Haka nan Select Cases da Split File da Weight Cases ba sa kashe kansu. Wanda ya tace mata kawai da safe ya manta, duk abin da ya yi har dare a kan mata ne. Ɗan rubutun Filter On a kusurwar ƙasa ta dama shi ne abin dubawa.

Maɓallin da ya fi kowanne daraja shi ne Paste, wanda ke kusa da OK a kusan kowane akwati. Yana rubuta umarnin a fayil na Syntax maimakon ya aiwatar nan take. In aka saba da shi, ranar da malami ya ce a cire takardu goma sha biyu a sake komai, aikin mako guda ya zama na minti biyar. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ɗan fayil ya fi jadawalan kansu muhimmanci, tun da daga shi ake sake haifar su.

Inda ban ba ta maki ba shi ne kuɗi da manyan bayanan ƙasa. Lasisinta da dala ake biya, kuma a gutsure take sayar da kanta: Binary Logistic, Custom Tables da Complex Samples duk ƙari ne a kan ainihin kunshin, Amos kuma manhaja ce daban. Wannan ya sa kwafin sata ya yi yawa, da duk haɗarin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke biyo shi. Ga mai aiki da bayanan NDHS, binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, raba v005, layin nauyin kowane mai amsa, da miliyan ɗaya a sa a Weight Cases yana gyara kaso ne kawai. Ba ya la'akari da cewa gungu-gungu aka zaɓo mutanen, don haka gwaje-gwaje sukan nuna tabbacin da ya wuce gaskiya. Sai da Complex Samples, a sa v021 da v022, layukan da ke nuna gungu da rukunin da aka zaɓo mutum, ko a koma manhajar Stata da umarninta na svyset, ko kunshin survey na manhajar R wanda kyauta ne.

Ga ɗalibin da ke da takardu 200 zuwa 400 kuma sashensu ba shi da lasisi, jamovi ta wadatar. Kyauta ce, a kan R aka gina ta, tana buɗe fayil ɗin .sav na SPSS kai tsaye, tana yin duk gwaje-gwajen da aka ambata a sama har da na lojistik, kuma in ka gyara lamba ɗaya a bayanai jadawalan suna sabunta kansu. Ba ta kai SPSS ba wajen haɗa fayiloli da sarrafa bayanai masu dubban layuka, nan SPSS ta yi mata nisa. Wanda kuma ya zaɓi gwajin SPSS na kyauta mai ɗan wa'adi ya tsara aikinsa tun kafin ya sauke ta, bayanai a share, tambayoyin bincike a jere. Kafin wa'adin ya cika ya fitar da sakamakonsa zuwa Word ko PDF ta hanyar Export, domin fayil ɗin .spv da SPSS ke ajiye sakamako a ciki ba ya buɗuwa a Word, ya kuma ajiye kwafin bayanan a CSV tare da jerin ma'anar lambobin da Display Data File Information ke bayarwa.